Cin makin A a manyan jami'o'in Amurka ba shi da wuyar da muke zato

An daɗe ana cewa manyan jami'o'in Amurka masu wuyar shiga ɗin nan malamansu na da rowar maki, wai duk wanda ya ciyo A to gwani ne na ƙarshe. Ba laifin mai tunanin haka ba ne, amma gaskiya wahalar tana bakin ƙofa ne wajen samun admishan, in ka shiga A ce makin da aka fi bayarwa.

Wajen 1960 kusan kashi 15 cikin 100 na makin jami'o'in ƙasar ne A, zuwa 2008 ya haura kashi 40, kuma masu zaman kansu masu tsada sun fi yi. Abin ya fara ne lokacin yaƙin Biyetnam, malamai na tausaya wa samari don wanda ya faɗi ana iya kwasarsa aikin soja, daga baya kuma kuɗin makaranta ya yi tsada, ɗalibi ya zama kamar kwastoma har shi ke auna malami a ƙarshen zango.

In an nuna maka sakamako kar ka tsaya kan A kawai, tambayi matsakaicin makin ajin, wasu makarantun ma suna bugawa a jikin takardar.

Don Allah a tura wa 'yan uwa.