Man kitse na dunƙule don bushewar fata: ga amsa, dan Allah a daina maimaita mini tambaya

Tunda hunturu ya shigo nan Garwa a arewacin Kamaru tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini safe da yamma a kan man shafawar nan na dunƙule da nake haɗawa da kitse da man kaɗanya da kakin zuma, toh ga shi na tara su wuri guda, wadda ta sake tambaya nan zan turo ta.

Wane kitse ake sawa?

Na saniya. Ki ce wa mahauci kitsen ƙoda kike so, fari mai tauri wanda ke marmashewa a hannu. Ki je da sassafe, kar ki karɓi wanda ya wuni a kan tebur ƙuda na bi.

Man shanu fa, ba zai yi ba?

A'a. Wannan daga nono yake, ki bar shi a miya.

Zai sa in yi haske?

Ba zai sa ba. Wlh wannan tambayar ta ishe ni. Mai ne na kaushi da faso da fatar da ta yi furu-furu, in fari kike nema ba nan ba ne, kuma waɗancan mayukan na bilicin da kuke saye su ne ke cinye muku fata har ku dawo kuna kukan bushewa.

Ni nawa ƙarni yake yi, me na yi ba daidai ba?

Gaggawa kika yi, ba wani abu ba. Ki yanka kitsen ƙanana-ƙanana, ki cire duk wani jan nama da jijiya, ki zuba a tukunya da ruwa kamar kofi biyu da ɗan gishiri, wuta kaɗan kaɗan, garwashi ma ya fi. Ba suya kike ba Hajiya, in kin ji yana ƙauri ko ya koma ruwan ƙasa to kin ƙona shi kuma wannan warin ba ya fita. In ya narke ki tace da tsumma mai tsabta, ki bar shi ya kwana, da safe za ki ga ya daskare a saman ruwan, ki ɗaga shi ki juya, ƙasansa akwai wani datti-datti mai laushi, ki kankare da wuƙa ki zubar. Sai ki sake narkawa da sabon ruwa. Sau biyu ko uku, har ya fito fari tas. Na ƙarshe kuma ba ruwa, ki bar shi a wuta mai sanyi har ya daina tsartsatsi, don in ruwa ya saura a ciki fumfuna zai yi.

Kitsen ragon layya da na ajiye fa?

Zai yi amma warinsa ya fi ƙarfi, sai kin ƙara wankewa. In ya riga ya tsufa ya canza wari ki haƙura da shi.

Awo nawa-nawa zan sa don kar ya narke mini a jaka?

Toh nan ne ba ni da amsa guda ɗaya, kuma duk wadda ta ce miki ga awon da zai yi ko'ina ko yaushe ba ta zauna a Garwa cikin watan Afrilu ba. Abubuwa uku ne dai, kitsen da kika wanke, man kaɗanya, da kakin zuma. Kakin shi ne ƙashin bayan abin, don sai zafi ya kai wajen digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, shi kuwa kitse daga 40 da 'yan kai ya fara sakin jiki, man kaɗanya ma tun kafin nan, ɗumin jiki kawai ya ishe shi. Mu kuma nan da Marwa da Kusiri har Njamena bazara tana haura 40 ba wasa, kin ga ke nan awon da matan Turai ke sawa a bidiyo ba lallai ya tsaya mana ba.

Ni a hunturu nakan sa kitse awo 2, kaɗanya 1, kaki 1. Da nauyi nake nufi in kina da sikeli, in babu ki narkar da kowanne daban ki auna da kofin shayi guda. Zafi na shigowa sai in ƙara kakin ya kai 1 da rabi, wani lokaci har 2, amma fa ki sani duk yadda kika ƙara kaki haka yake ƙara tauri, ki yi ta gogawa a ƙafa ba ya sauka, kuma yana barin danƙo-danƙo wanda ƙura ke so. Sannan kitse ma suna suka tara, na wata saniyar ya fi na wata tauri, kakin ma akwai mai kyau irin wanda ke zuwa daga wajen Ngaundere inda masu zuma suke da yawa, akwai wanda aka gauraya da kyandir. Saboda haka ki gwada kafin ki zuba duka: ki ɗiba cokali ɗaya ki zuba a murfin kwano ya sandare, ki danna da yatsa. Ya lotsa da sauƙi, ƙara kaki. Ya yi kamar dutse, ƙara kaɗanya. Wadda ke Ngaundere da sanyinsu ƙila 2-1-1 ya ishe ta duk shekara, ƙila kuma a'a in ɗakinta rufin kwano ne ba silin. Kuma ko kin dace da awo, in kin bar shi a mota ko bakin taga da rana zai narke, wannan ba laifin awo ba ne.

Wajen narkawa kar ki ɗora kan wuta kai tsaye, ƙaramar tukunya za ki sa cikin babba mai ruwan zafi, kaki ya fara shiga, sai kitse, kaɗanya a ƙarshe. Kaki yana kama wuta, kar ki tafi hira ki bar shi.

Ba ni da abin zubawa na kanti.

Wa ya ce sai shi? Ƙaramin gwangwanin tumatir da aka wanke ya bushe sarai, ko kofin roba. In ya ƙi fita ki tsoma gindin a ruwan ɗumi.

Ya fito da tsaki-tsaki a ciki, ya lalace ne?

Bai lalace ba, kwantar da hankalinki. Man kaɗanya ne ke haka in ya huce a hankali. Ki sake narkawa ki sa a firji, in ba wuta ki jera gwangwanayen a faranti mai ruwan randa.

Zan iya zuba humra?

Kar ki zuba, yawancinta akwai ruwan turare a ciki, ba ya haɗuwa da mai. Turaren mai ɗigo kaɗan bayan kin sauke. Na yara kuma ba turare sam.

A fuska fa? Jariri fa?

Mai yawan ƙuraje ta bar fuskarta, yana iya toshe mata. Kowa ma ya fara gwadawa a hannu kwana ɗaya ya gani. Yaron da fatarsa ke ƙaiƙayi tana ja ko tana ruwa asibiti za ki kai shi, ni ba likita ba ce kuma wannan ba magani ba ne.

Alwala tana yi a kansa?

In kin shafa ya narke ya bi jiki maiƙo kawai ya rage, abin da muka taso muna ji shi ne ba ya hana ruwa. In kuwa kin lafta har kaki ya yi ɓawo a dunduniya sai kin goge. Sauran bayani wajen malamai, ni dai da dare nake shafa na ƙafa bayan isha'i in sa safa.

Na shafa amma har yanzu jikina a bushe.

Don kina shafawa a busasshiyar fata ne. Shi ba ruwa a cikinsa, riƙe wanda ke jikinki yake yi, saboda haka da kin fito wanka jiki da ɗan danshi ki murza shi a tafin hannu ki shafa. Ki rage ruwa mai zafi sosai da sabulun wanki a jiki kuma, na san da ku nake.

Wata nawa yake yi?

Watanni, in ba ruwa a ciki kuma yana rufe a inuwa. Ki haɗa kaɗan wanda zai kai ki ƙarshen hunturu, ranar da ya canza wari ki zubar.