Nehama Leibowitz

Nehama Leibowitz (1905–1997) malama ce Bayahudiya da ta yi fice wajen koyar da Attaura da tafsirinta. An haife ta ranar 3 ga Satumba, 1905, a Riga, babban birnin Latbiya na yanzu, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Yayanta shi ne Yeshayahu Leibowitz, masanin kimiyya da falsafa. Iyayensu sun koma Balin a 1919, kuma a Jamus ta yi karatunta mai zurfi har ta sami digirin digirgir a Jami'ar Marburg a 1930, da bincike kan tsofaffin fassarorin littattafan addinin Yahudawa zuwa Yidish, harshen Yahudawan Turai. A shekarar nan ta ƙaura zuwa Falasɗinu, wadda a lokacin take hannun Birtaniya, tare da mijinta, wanda baffanta ne. Shari'ar Yahudawa ta halatta irin wannan aure.

A birnin Ƙudus ta shafe wajen shekara 25 tana karantarwa a kwalejin horar da malamai mata ta Mizrahi, wata ƙungiyar Yahudawa masu riƙo da addini. Amma abin da ya ɗaukaka sunanta ta gidan waya ya bi. Al'adar Yahudawa ce a karanta wani kaso na Attaura kowace Asabar, a sauke cikin shekara guda. Daga 1942 ta fara tsara takardar tambayoyi a kan kason kowane mako, ana buga ta, ana aika wa duk mai so. Mutum ya amsa, ya mayar mata, ita kuma ta duba da hannunta, ta gyara da jar tawada, ta sake aika masa. Masu amsawar har da sojoji, manoma da ma'aikatan masana'antu. Haka ta yi ta yi har 1971.

Salon tambayoyin shi ne gudummawarta ta gaske. Ba ta yarda ɗalibi ya haddace maganar magabata ya tsaya nan ba. Takan kawo aya, ta jera abin da manyan masu tafsiri suka faɗa a kanta, musamman Rashi (1040–1105) na birnin Troyes a Faransa, da Ibn Ezra da Nahmanides na ƙasar Sifen, sannan ta tambaya: me ya dami Rashi a ayar nan har ya yi magana? A ganinta, malami ba ya sharhi sai ya ga wani ƙulli, kuma wanda bai gano ƙullin ba bai fahimci sharhin ba. Ƙissar Yusuf misali ce. Ayar da ta ba da labarin fitar da shi daga rijiya da sayar da shi ba ta fayyace su wa suka yi ba. Rashi ya ce 'yan'uwan Yusuf ne, Rashbam, jikan Rashi, ya ce fatake Madayanawa ne. Aikin ɗalibi shi ne ya nuna, daga lafazin ayar, inda kowannensu ya dogara. Karatun da wuya, ita ma ba ta da sassauci wajen gyara.

Daga baya darussanta suka zama littattafai a kan littattafan Attaura biyar, aka fassara su zuwa Turanci da wasu harsuna. Ta kuma yi sharhi a gidan rediyon Isra'ila. Ta karɓi lambar yabo ta Isra'ila a fannin ilimi a 1956, ta fara koyarwa a Jami'ar Tel Abib a 1957, ta zama farfesa a 1968, sannan ta sami kyautar adabi ta Bialik a 1983.

Ta koyar da maza, har da malaman addini, a zamanin da ba a saba ganin mace a wannan matsayi ba tsakanin Yahudawa masu riƙo da gargajiya. Duk da haka ba ta ɗauki kanta 'yar gwagwarmayar mata ba, abin da har yau ake muhawara a kansa. Ba ta haihu ba. Ta rasu a Ƙudus ranar 12 ga Afrilu, 1997.