Ɗaukar Hoton Maciji a Daji: Tambayoyi da Amsoshi Daga Ƙasar Kububuwa

Duk wanda ya buɗe hotunan da ke cikin kyamarata ya ci karo da macizai, sai ya ja da baya ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Bayan an yi dariya sai tambayoyi su biyo baya, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Ga su nan, da amsoshin da yawon dajin kudancin Gombe da na Bauchi ya koya mini.

Me zai kai mai hankali neman maciji da kyamara?

A ƙasar da ko sunansa ba a son kamawa da dare, sai dai a ce "igiyar ƙasa", tambayar tana kan hanya. Amma mu ne muke zaune da shi a gona da rumbu da bayan gida, kuma da yawanmu ba mu iya bambanta mai dafi da marar dafi ba, duk sanda ɗaya ake yi musu. Hoto mai kyau yana nuna wa yaro ɗan makaranta zanen bayan kububuwa ba tare da ya taka ta ba. Ban da wannan, halitta ce kyakkyawa, ko da mutane ba sa son jin haka.

Waɗanne macizai ne mutum zai fi haɗuwa da su a nan?

Ta farko ita ce kububuwa, wadda ake yi wa kirari da "gobe da nisa". Ƙarama ce, galibi ba ta wuce kamu ɗaya da rabi ba, launinta launin ƙasa da tsakuwa, kuma ita ce ta fi kai mutane asibitin saran maciji na Kaltungo daga Ɓilliri da Shongom da Balanga har ma da jihohin maƙwabta. Dafinta yana hana jini daskarewa, sai jini ya riƙa fita ta dasashi da tsohon rauni. Idan ta ji barazana takan lanƙwashe jikinta ta riƙa goga ɓawonta da juna, sai ka ji sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Ranar da ka ji wannan a kusa da ƙafarka, ka manta da kyamara.

Kasa kuwa gajeriya ce mai kauri, da faffaɗan kai. Hausawa sun san ta da barci, amma ba barci take ba, kwanton ɓauna ne. Ba ta gudu, ta dogara ga sajewa da busasshen ganye, shi ya sa ta fi kowanne daɗin ɗauka a hoto, kuma shi ya sa ta fi yaudarar mai hoto. Jikin da ka gani kwance kamar gungume yana kai sara kafin ƙiftawar ido.

Sai gamsheƙa, mai fasa kai ta tofa dafi. Ido take nufa, kuma tofinta yana kai mita 2 ko fiye. Mesa ba ta da dafi, amma tana da haƙora da ƙarfi, kuma macen takan naɗe a kan ƙwayayenta tana gadi, don haka ba a matsa wa raminta.

Wane nisa ya kamata a bari?

Ana cewa maciji yana iya kai sara kimanin rabin tsawon jikinsa. Ni ba na aiki da wannan lissafin, domin wanda ya naɗe ba ka san tsawonsa ba. Ga kububuwa da kasa, ba na shiga ƙasa da mita 3. Ga gamsheƙa mita 5, kuma da tabarau a idona.

Haɗarin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne, da zarar ka kafa ido a kyamara nisa yana ɓace maka. Wata safiya bayan ruwan farko, a gefen wata gona da ke gindin duwatsu kusa da Kaltungo, mai gonar, wani dattijo, ya nuna mini kububuwa a bakin tulin duwatsun da ya tsince daga kunya. Na durƙusa, ina gyara saiti, ina ɗan jan gwiwa gaba don wata ciyawa ta tsaya a tsakaninmu. Sai na ji an riƙe mini wuyan riga ta baya.

"Ɗana, tsaya nan. Ina za ka?"

"Baba, ai da sauran nisa."

"A cikin na'urarka da sauran nisa. Ɗago kanka ka gani."

Na ɗago. Abin da ke tsakanina da ita bai kai tsawon ƙotar fartanyarsa biyu ba, ta riga ta lanƙwashe, ni kuwa ban ma ji sautin ba. Tun daga ranar ba na fita ni kaɗai. Dole a sami mutum na biyu wanda ba ya riƙe da komai, aikinsa kawai kallon macijin da kallon ƙasar da zan taka idan na ja da baya, domin inda aka ga ɗaya ana iya samun wani.

Wayar hannu ta isa?

Ga maciji mai dafi, a'a. Gilashin waya mai faɗin gani ne, kafin macijin ya cika hoton sai hannunka ya shiga inda bakinsa ke kaiwa. Idan waya ce kaɗai gare ka, ka tsaya nesa, ka janyo hoton da yatsa, ka haƙura da dishi-dishinsa. Aikin gaske yana son kyamara da gilashi mai janyo nesa, irin wanda aka rubuta wa milimita 200 zuwa 400 a jikinsa.

A ina ake samun su, kuma yaushe?

Maciji ba ya samar wa jikinsa ɗumi, daga rana yake aro. Saboda haka da hantsi, musamman lokacin sanyin hunturu, akan same shi yana shan rana a kan fa ko a bakin suri. Da tsakar rana a bazara ɓata lokaci ne, duk sun shige inuwa. Farkon damina shi ne lokacin da suka fi yawo, kwaɗi da ɓeraye sun fito. Kububuwa da kasa sun fi motsi bayan magariba, sai dai ni ba na ba sabon shiga shawarar aikin dare da tocila.

A Bauchi, gandun dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, yana da duwatsu da fadamun kogin Gaji inda mesa ke son zama. Amma can ba gonar gidanku ba ce, ba a sauka daga mota sai da izinin jagora, kuma akwai giwa da ɓauna da suka fi maciji saurin gama magana. Gaskiya mafi yawan hotunana ba daga gandun daji suka fito ba. Manoma da makiyaya ne suke nuna mini, su suka san wane suri ne yake da mai gida.

Takalmi mai rufe ƙwauri da wando mai kauri dole ne. Silifa kam ko a mafarki.

Yaya ake sa hoton ya fito da rai?

Saiti a kan ido. Maciji ba shi da fatar ido, ba ya ƙiftawa, don haka idan idon ya fito tar, komai ya biyo baya. Idan ka tarar idon ya yi hazo-hazo kamar an shafa masa madara, yana dab da saɓa ne, ba ya gani sosai, kuma ya fi saurin fushi, sai ka ƙara nisa.

Ka rage tsawo. Hoton da aka ɗauka daga tsaye igiya kawai yake nunawa a ƙasa, amma daga daidai tsawon kansa sai ka ga fuska. Nan ne gilashi mai janyo nesa yake biyan kuɗinsa, tunda kana iya durƙusawa daga can baya. Harshen da yake fitarwa yana ɗanɗana iska da shi yana da sauri ƙwarai, sai ka sa saurin ɗauka a kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri, ka ɗauki da yawa a jere. Kada ka cika hoton da macijin kaɗai, ka bar dutsen da ciyawar da karan dawar su shigo. Su ne shaidar cewa a gidansa ka same shi.

Sauran duk haƙuri ne. Ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa, don haka takun ƙafa ya fi surutu korar sa. Na taɓa yin kusan awa guda a zaune ina jiran kasa ta juyo da kai. Ba ta juyo ba.

Ba za a ɗan taɓa shi da sanda ya fasa kai ba? Ko a nemo gardi ya kawo nasa?

Fasa kan gamsheƙa tsoro ne, ba ado ba. Wanda ya tsokane ta don hoto ya ɗauki hoton dabbar da ya firgita, kuma ya bar wa mai gona fusataccen maciji. Na gardi kuwa, sau da yawa an cire masa fiƙa, ya rame, bakinsa da rauni, wanda ya san maciji kallo ɗaya zai gane. Ɗaga duwatsu da hannu ma ban yarda da shi ba, a ƙarƙashinsu kububuwa take wuni. Haka mushe: kan macijin da aka kashe yanzu-yanzu yana iya sara.

Idan tsautsayi ya gitta fa?

Ka matsa daga wurin, ka cire zobe da agogo kafin kumburi, kada ka riƙa motsa gaɓar, a ɗauke ka zuwa asibiti. Ba a ɗaurewa da tsumma tamau, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, kuma ba a tsayawa jiƙa saiwa, domin saran kububuwa yakan yi kamar ba komai a farko alhali jini ya riga ya lalace a ciki. A asibiti za su zuba jininka a kwalba su jira minti 20, idan bai daskare ba sun san aikinta ne, sai a yi maka allurar karya dafi irin su EchiTAb. Wanda gamsheƙa ta tofa wa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Idan ka riga ka ɗauki hoton macijin, ka nuna wa likita, zai taimaka masa. Idan ba ka ɗauka ba, kada kowa ya koma nemansa. Kafin in bar gida ma nakan tabbatar akwai mai a babur, kuma abokin tafiyata ya iya tuƙi.