Ɓoyayyen Ɓangaren Faifai na System Reserved

System Reserved sunan wani ɗan ƙaramin ɓangare ne da Windows ke yanka wa kanta a faifan ajiya na kwamfuta lokacin da ake ɗora ta a kan faifai sabo ko wanda aka goge. Ba a ba shi harafi irin C ko D, don haka ba ya fitowa a inda mai kwamfuta ke duba fayilolinsa, sai an buɗe Disk Management, manhajar Windows da ke nuna ɓangarorin faifai, ake ganinsa. Kamfanin Microsoft ya fara ƙirƙirar shi kai tsaye a Windows 7 ta shekarar 2009 da girman megabait 100, ya kai 350 a Windows 8, sannan 500 a farkon fitowar Windows 10.

Babban aikinsa shi ne tayar da kwamfuta. A cikinsa ake ajiye Boot Manager, wato manhajar da ke fara tayar da Windows, da kundin bayanan da ake kira BCD, wanda ke faɗa wa na'ura inda Windows take a kan faifai, da kuma wadda za a fara buɗewa idan an ɗora fiye da ɗaya. Dalili na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya sa aka ware shi daban, shi ne BitLocker, manhajar da ke kulle faifai baki ɗaya da lambobin sirri. Idan fayilolin tashi suna cikin ɓangaren da aka kulle, ya zama kamar an rufe ɗaki an bar makulli a ciki, saboda haka dole a bar wani wuri a buɗe da na'ura za ta iya karantawa kafin ta kai ga sauran.

Sunan System Reserved na faifai masu tsohon tsarin rarraba faifai da ake kira MBR ne. A kwamfutocin da ke amfani da sabon tsarin tashi na UEFI da sabon tsarin rarraba faifai na GPT, wanda Windows 11 ta 2021 ta wajabta, wani ɓangare da ake kira EFI, mai tsarin ajiye fayiloli na FAT32, ne ke ɗaukar wannan nauyi, yawanci da megabait 100, kusa da shi kuma akwai MSR, ɓangaren da Windows ke keɓe wa kanta, mai megabait 16 da ɓangaren farfaɗo da Windows idan ta lalace. Linux, wata babbar manhaja irin Windows, ma tana ajiye GRUB, manhajar da ke tayar da ita, a ɓangaren EFI ɗin.

A Legas, inda kwamfutocin tokunbo suka cika Computer Village da ke Ikeja da kasuwar Alaba, matsalar ɓangaren takan taso wajen sauya tsohon faifai da SSD, sabon nau'in faifai mai sauri. Mai gyara kan kwashe abin da ke C kaɗai ya bar ɗan ɓangaren a baya, sai na'urar ta ƙi tashi, ta nuna saƙon cewa ba ta ga BOOTMGR ba, wato fayil ɗin Boot Manager, alhali duk fayilolin mai ita suna nan lafiya. Wasu kuma suna goge shi da gangan don samun wuri, abin da ba shi da riba ko kaɗan, domin rabin gigabait bai taka kara ya karya ba a faifai mai gigabait 256. Akan gyara irin wannan ɓarna da filashin ɗora Windows, ta hanyar Startup Repair, mai gyara matsalar tashi, ko umarnin bcdboot, mai mayar da fayilolin tashi, ba tare da an goge komai ba.

Wani lokaci kuma ɓangaren kan cika, musamman idan manhajar kashe bairos ta zuba fayilolinta a ciki, sai sabunta Windows ya tsaya har sai an rage masa kaya ko an ƙara masa girma.