Aksul ɗin baya na motocin ƙarfi na Amurka

Aksul ɗin baya shi ne ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashin mota tsakanin tayoyin baya biyu, wanda ke karɓar juyin inji daga farfela, wato doguwar sandar da ta taho daga akwatin giya, ya miƙa wa tayoyi. A tsofaffin motocin Amurka da ake kira masu ƙwanji, wato waɗanda aka ƙera daga wajen 1964 zuwa farkon shekarun 1970 da manyan injuna masu silinda 8, irin su Pontiac GTO, Chevrolet Chevelle SS, Dodge Charger da Plymouth Road Runner, duk ƙarfin injin ta wannan ƙarfe yake bi kafin ya taɓa ƙasa. Shi ya sa idan mai mota ya ƙara wa inji ƙarfi, sau da yawa a nan ake fara jin ƙarar karaya.

Abin da ke cikinsa

A tsakiyar aksul akwai wani ƙundu, cikinsa giya biyu cije da juna: ƙarama wadda farfela ke juyawa, da babba mai kama da faifai. Daga ƙundun sanduna biyu suka fita, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace bakinta na ciki an yi masa tsaga-tsaga da ke shiga cikin giya. Faɗin babbar giya da yawan tsagar sanda su ne ma'auni biyu da bakanike ke fara tambaya. Yawan tsaga yana tafiya da kaurin sanda, don haka mai tsaga 35 ta fi mai 28 ɗaukar wahala nesa ba kusa ba.

Mutane na yawan auna aksul da ƙarfin doki na inji, alhali ƙarfin murɗa ne ke karya shi. Chevelle SS 454 ta 1970 mai inji LS6 tana da ƙarfin doki 450 da ƙarfin murɗa fam-ƙafa 500. Idan tana da akwatin giya na Muncie M22, giya ta ɗaya tana ninka wannan sau 2.20, sannan giyoyin cikin aksul masu rabo 4.10 su sake ninkawa sau 4.10, sai ƙarfin murɗar da ke isa ga sandunan biyu ya kai kimanin fam-ƙafa 4,500. A kan siririyar tayar wancan zamani, taya ce ke zamewa ta yi hayaƙi, ƙarfin ya tsiyaye a banza, aksul ya tsira. Ranar da aka sa wa motar faffaɗar tayar tsere mai kama kwalta kamar danƙo, direba ya saki kuloci da ƙarfi, to ƙarfin ba shi da wurin gudu. Idan aka zaro sandar da ta sha irin wannan, za a ga tsagar da ya kamata ta miƙe sambal ta karkace kamar igiyar da aka tufka. Wannan sanda ta gama aiki, ko da ba ta ɓalle ba tukuna.

Ford mai inci 9

Ford ya fara yin wannan aksul, mai babbar giya inci 9, a 1957, ya daina a 1986, amma har yau shi ne aka fi sakawa a motocin tsere, har a cikin motocin da ba na Ford ba. Dalilin farko shi ne yadda aka tallafi ƙaramar giya. A yawancin aksul boris biyu ne ke riƙe ta daga gefe guda, kanta yana reto. A na Ford an ƙara boris na uku a can ƙarshen hancinta, saboda haka idan nauyi ya zo ba ta samun damar kaucewa daga haƙoran babbar giya, kuma wannan kaucewa ce ke gutsure haƙora. An kuma saukar da ita ƙasa da tsakiyar babbar giya da inci 2.25, abin da ke sa haƙoran su haɗu da faɗi. Ribar tana da kuɗinta: gogayya ta fi yawa, man giya ya fi zafi, kuma ɗan ƙarfin inji yana salwanta a hanya.

Dalili na biyu sauƙin aiki ne. Ƙundun gaba ɗaya yana fitowa ta gaba, Amurkawa na kiransa kabewa saboda siffarsa. Bakanike zai zare sanduna, ya kwance notuna, ya rungumo kabewar ya ɗora kan tebur, ya daidaita giya yana tsaye cikin haske maimakon kwance a ƙarƙashin mota. Mai tsere kan ajiye kabewa biyu, ɗaya ta hanya ɗaya ta fili. Masu neman tsohon ƙundu na asali suna duba wanda aka buga wa harafin N a jiki, alamar ƙarfen zubi mai tauri da ba ya saurin tsagewa. Ford ya fitar da sanduna masu tsaga 28 da 31. Kamfanoni irin su Currie, Moser da Strange suna ƙera masu 35 da 40, da sabbin aksul cikakku daidai da faɗin kowace mota.

Na Chevrolet mai noti 12

Sunan ya samo asali ne daga notuna 12 da ke riƙe babbar giyarsa. Ya fito a 1965, aka yi amfani da shi a motoci har 1972, babbar giyarsa inci 8.875, sandunansa tsaga 30. Ya fi na Ford rashin nauyi, kuma da yake ƙaramar giyarsa inci 1.5 kawai ta sauka, bai kai shi cin ƙarfi ba. Aksul ne mai kyau ƙwarai, sai dai yana da aibi ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Abin da ke riƙe sandarsa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar harafin C a can cikin ƙundu. Idan sandar ta karye, babu abin da zai hana gutsuren waje ya zare tare da taya, mota na cikin gudu. Akwai kayan gyara da ke mayar da riƙon zuwa bakin taya, kamar yadda yake a na Ford, kuma hukumar tseren motoci ta Amurka, NHRA, tana wajabta irin wannan riƙo ga motocin da ke cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 10.99 ko ƙasa da haka.

Dana 60 da na Chrysler

Chrysler yana da nasa mai inci 8.75, shi ma ƙundunsa na fita ta gaba, kuma ya wadatar da yawancin motocinsa. Amma ga inji 426 Hemi da 440 masu giyar hannu huɗu, kamfanin ya koma ga Dana 60, wanda asalinsa na motocin ɗaukar kaya ne: babbar giya inci 9.75, sanduna galibi tsaga 35. Da wuya a karya shi. Nauyinsa ne matsalar, domin nauyin aksul ba ya kan sufirin, kowane rami sai ya daki mota da shi.

Yadda ake zaɓa

Tambayoyin su ne nauyin mota, irin tayarta, da irin giyarta. Giya mai canza kanta tana sassauta bugun farko, giyar hannu kuwa duka take kai wa aksul kai tsaye. Mota mai nauyi da giyar hannu da tayar tsere tana buƙatar tsaga 35, ko da ƙarfin dokinta bai kai na wata mara nauyi ba. Wadda yawon gari kawai take yi a kan tayar hanya, mai noti 12 ko mai inci 8.75 da aka gyara da kyau ya ishe ta, kuma idan motar tana nan da kayanta na asali, cire mata aksul ɗin da ta fito da shi asara ce, domin masu sayen tsofaffin motoci suna duba lambobin da aka buga a jikinsa.

Sai rabon giya. Rabo 4.10 yana nufin farfela ta juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya, misali haƙora 41 a babba, 10 a ƙarama. Yana sa mota ta zabura, amma a doguwar hanya inji zai yi ta kuka yana shan mai. Tsakanin 3.23 da 3.55 ya fi dacewa da mai tafiya mai nisa.

Dole kuma tayoyin biyu su ja tare, in ba haka ba ɗaya za ta yi ta juyi a banza. Kowane kamfani da sunan da ya ba na'urar da ke yin wannan: Positraction a Chevrolet, Traction-Lok a Ford, Sure-Grip a Chrysler. Masu faifan kuloci a ciki suna son man giya da aka ɗiga wa sinadarin rage gogayya, idan babu shi za a ji baya na kakkarwa a kwana. Akwai kuma dunƙulen ƙarfe da ke haɗe sandunan biyu su zama ɗaya. Wannan na filin tsere miƙaƙƙe ne kawai. A kan titi, musamman da damina, yana tura mota gaba a lokacin da direba ke son ta karya kwana.