An ce sai an ƙara mini ƙashi kafin a dasa haƙori: me ake nufi?

Wata baiwar Allah daga Kubwa, nan Abuja, ta ce an cire mata haƙorin tauna shekara uku da suka wuce. Yanzu ta je a dasa mata wani, likita ya ce ƙashin wurin bai isa ba.

Ina ƙashin ya tafi?

Ƙashin muƙamuƙi da tauna yake rayuwa. Da zarar an cire haƙori, wurin ya daina ɗaukar nauyi, sai jiki ya riƙa janye ƙashin a hankali, musamman a watanni shida na farko. Ki shafa dasashin wurin da harshe, za ki ji ya lotsa, ya sirance. Shi kuwa haƙorin dashe a kan wata 'yar ƙusa ta ƙarfen titaniyam yake zama, kuma ƙusa ba ta kama bangon da ya zaizaye.

Daga ina ake samo ƙashin?

Ko daga jikinki, wato haɓa, ƙarshen muƙamuƙi ko ƙugu, ko daga na wani mutum da aka tsabtace, ko na dabba, ko na haɗi da ake yi da sinadaran kalsiyam. Galibi gari-gari ne kamar tsaki. A buɗe dasashi, a cusa, a rufe da 'yar fata, a ɗinke. Ba shi ne zai zauna har abada ba, matattakala ce da ƙashinki zai bi ya tofo.

Nan fa kada ki ji nauyin tambaya. Na dabba yawanci na saniya ne, amma akwai na alade. Ki ce a nuna miki kwalin tun kafin ki hau kujera.

Da zafi?

Yawanci allurar kashe zafi ake yi. Bayan ta sake, akan ji ɗan ciwo da kumburi na 'yan kwanaki.

Sai yaushe a dasa haƙorin?

Yawanci wata 3 zuwa 6, babban aiki kan wuce haka. Idan giɓin ƙashin kaɗan ne, wani lokaci a rana ɗaya ake haɗa biyun.

Me ke ɓata aikin?

Sigari da shisha, sai ciwon suga da ba a kula da shi. A makonnin farko kunu, fate da shayi mai ɗumi-ɗumi za ki riƙe. Kilishin Area 1, goro da rake su jira tukuna, asuwaki ma kada ya kusanci ɗinkin.