Ɗaukewar Hoto a Tsohuwar Kwamfutar Tebur

Ɗaukewar hoto matsala ce da kwamfutar tebur takan tashi, fanka na juyawa, fitilar gaba na ci, amma monita ta tsaya baƙi ƙirin, ko ta rubuta "No Signal" ta yi shiru. Wani lokaci hoton yakan zo ya ɗauke, ko ya fito da ratsi-ratsi, ko launinsa ya rine. Matsalar ta fi addabar kwamfutocin da suka kwana biyu. A Legas irin waɗannan suna da yawa a shagunan buga takardu, makarantun Islamiyya da ƙananan ofisoshin da ke Agege, Idi-Araba da Mile 12, domin da dama daga cikinsu tokunbo ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin kwantena ta sauke su a tashar Apapa ko Tin Can. Baƙin allo ba kasafai yake nufin kwamfuta ta mutu ba. Sau da yawa abin da ya tsayar da ita ƙaramin abu ne, shi ya sa ƙwararren mai gyara yake fara bincike daga waje kafin ya shiga ciki, daga mai araha kafin mai tsada.

Yadda hoto ke isa allo

Da zarar an danna makunni, fawa-fak, wato akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, yakan mayar da wutar soket zuwa bolt 12, 5 da 3.3, ya rarraba wa babban bod, wato farantin da ake haɗa komai a kansa, da sauran sassa. Daga nan BIOS, ƙaramar manhajar da ke zaune a kan bod ɗin, takan yi gwajin farko da ake kira POST: ta duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta duba ram, wato ma'ajiyar wucin-gadi, sannan ta tayar da ɓangaren hoto. Idan ɗaya daga cikin na farkon ya gaza, ba za a ma kai ga hoto ba. Wannan ne dalilin da ya sa laifin ram ko na wuta yake bayyana a fuskar monita, alhali ita lafiyarta ƙalau.

Monita da wayarta

Fitilar monita ita ce shaidar farko. Idan ba ta ci kwata-kwata, wuta ba ta isa gare ta ba, ko ɓangaren wutarta ya lalace. Idan ta ci da launin ruwan lemo ko tana ƙiftawa, tana raye, saƙo ne bai zo mata ba. Ana tabbatar da haka ta danna maɓallin jerin zaɓuɓɓukanta, wanda yakan fito ko da ba a haɗa ta da kwamfuta ba. A nan ne kuma ake duba ko an saita ta a kan mashigar da wayar take ciki.

Yawancin tsofaffin kwamfutoci da wayar VGA suke aiki, mai shuɗin kai da allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. DVI mai farin kai ta zo a 1999, HDMI ta biyo baya a farkon shekarun 2000, DisplayPort kuma a 2006. A wayar VGA, allura ta 1 ce ke ɗaukar ja, ta 2 kore, ta 3 shuɗi. In ɗaya ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa, launinta zai ɓace, hoton ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan hoda. In kuma ta 13 ko ta 14 ce ta samu matsala, hoton yakan yi ta gudu ko ya ɗauke gaba ɗaya, domin su ke daidaita layukansa. Ana miƙe allurar a hankali da bakin ƙaramin sukudireba, amma sayen sabuwar waya ya fi kwanciyar hankali.

Akwai kuskure guda da ke yawan kai kwamfuta mai lafiya wurin gyara. Idan an sa mata katin hoto na daban, ramin VGA na jikin bod yakan daina aiki, sai na katin, wanda ke can ƙasa a bayan akwatin. Yaron shago ya share wuri, ya mayar da waya ramin sama, shi ke nan hoto ya tafi. Haka kuma wayar da ke da kan HDMI a gefe ɗaya da kan VGA a ɗaya gefen ba ta aiki idan babu na'urar sauya saƙo a cikinta, tunda ɗaya dijital ne ɗaya analog.

Tsofaffin monitoci masu faɗi suna haskawa ne da siraran kwan fitila da ke bayan gilashi. Idan kwan ya gaji, ko kafasitocin da ke ba shi wuta sun yi rauni, hoton yakan fito na daƙiƙa biyu ya ɗauke. A haska tocila a jikin gilashin daga gefe: in an hango inuwar rubutu, hoto na nan, haske ne babu. Monita mai ƙusumbi, irin ta tsohuwar talabijin, kuwa ba ta buɗewar kowa ba ce. Tana aiki da dubban bolt, kuma takan riƙe wuta a cikinta bayan an zare ta daga soket.

Ƙarar gargaɗi da ram

Tunda ba ta iya rubuta damuwarta a allo, kwamfuta takan faɗe ta da ƙara. A galibin tsofaffin bod, gajeriyar ƙara ɗaya alama ce ta komai lafiya. A BIOS na kamfanin Award, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nuna ɓangaren hoto. A na AMI gajeru 8 ne ke nuna hakan. Tsofaffin HP Compaq na ofis sukan ƙifta jar fitila sau 5 idan ram ne, sau 6 idan hoto ne, yayin da wasu Dell OptiPlex ke da fitilu masu lamba 1 zuwa 4. Ma'anar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka sai an san wane bod ne kafin a yanke hukunci.

Ram ne ya fi kowane sashe na ciki jawo wannan matsala, kuma yanayin Legas na taimaka masa. Gari ne na bakin teku, iskarsa mai laima da gishiri, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da ruwa ke zuba. Ƙurar da hunturu ya tara a cikin akwati takan sha laima ta zama danƙo, ta hau haƙoran ram masu ruwan zinare ta dusashe su. Gyaran na buƙatar nutsuwa. A zare wayar wuta, a danne makunni na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai. A buɗe maƙallan gefe biyu, ram ɗin zai ɗago da kansa. A riƙe shi ta gefuna, a goge haƙoransa da farar robar goge fensir har su yi sheƙi, a kakkaɓe ɓurɓushin, a hure ramin da bulowa. Wajen mayarwa a lura da tsagar da ke tsakiyarsa, a danna har maƙallan su rufe da kansu, a ji ƙas. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a ramuka dabam-dabam. Ram nau'in DDR2 da DDR3 na tebur duk haƙora 240 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, kuma tilasta ɗaya a ramin ɗaya karya rami yake yi.

Wuta da kafasitoci

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Tsofaffin fawa-fak da yawa suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wadda aka shigo da ita daga Amurka takan zo a kan 115, kuma in aka jona ta haka nan take fawa-fak ɗin ke fashewa. Duba wannan maɓalli ya kamata ya zama abu na farko ga duk wanda ya sayi tokunbo.

Bayan wannan sai halin wutar kanta. Ko daga Ikeja Electric take ko daga Eko, ana ɗaukewa ana kawowa, wani lokaci rabi, wani lokaci da ƙarfi, ga kuma sauyawa zuwa janareta. Duk wannan a kan kafasitoci yake ƙarewa. Su ne 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan bod da cikin fawa-fak, aikinsu kamar na tanki ne a gidan da famfo ke zuwa yana ɗaukewa: su tara, su saki daidai. Lafiyayyar kafasita samanta a shafe yake. Wadda ta gaji takan kumbura, tsagar da ke kanta ta buɗe, wani lokaci ta fitar da abu mai launin tsatsa ya bushe a kanta. Alamar da ta fi bayyana ita ce kwamfutar da ke ƙin nuna hoto da safe sai an kunna an kashe sau da dama, in ta yi ɗumi kuma ta yi aiki har dare. Wannan ba warkewa ba ce, gargaɗi ne. Tsakanin 1999 da 2007 an ƙera ɗimbin kafasitoci da gurɓataccen sinadari, suka shiga kayan manyan kamfanoni, ciki har da OptiPlex GX270 da GX280. Mai hannu a aikin dalma yana iya cire su ya sa sababbi masu lamba iri ɗaya, bod ɗin ya dawo aiki.

Ana gwada fawa-fak na tsarin ATX ta haɗa koriyar waya da baƙa a babban soket mai ramuka 20 ko 24. Juyawar fankarsa na nuna ya tashi ne kawai, ba ta nuna yana iya ɗaukar nauyi ba. Sai mitar auna bolt ta tabbatar bolt ɗin bai kauce da fiye da kashi 5 cikin 100 ba. Wasu Dell da HP suna da nasu tsarin soket, kada a yi musu wannan gwaji da ka. A kuma duba ƙaramin soket mai ramuka 4 na kusa da furosesa, domin in ya saki fanka za ta juya amma hoto ba zai zo ba. Fawa-fak mara nauyi da ake sayarwa da arha kuwa, araha ba ta ado, yakan tafi da bod ranar da zai mutu. Sitabilaiza da UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, sun fi kowane gyara amfani ga tsohuwar kwamfuta a Legas.

Katin hoto, batir da zafi

Katin hoto, mai shiga ramin AGP ne ko na PCI Express, ana cire shi a goge kamar ram. In an cire shi aka jona waya a ramin bod hoto ya fito, an gano mai laifi. Batirin CR2032 mai bolt 3 da ke riƙe saitin BIOS yakan ƙare bayan 'yan shekaru; agogo ya riƙa komawa baya, wasu bod ɗin ma su ƙi tashi. Cire shi na 'yan mintuna na mayar da saiti yadda yake tun asali. Idan kuma kwamfuta na ɗaukewa bayan ta ɗan yi aiki, a duba ƙurar da ta toshe fanka da man sanyaya furosesa da ya bushe.

Laifin manhaja

In tambarin kamfani ya fito sannan allo ya yi baƙi, kayan ciki sun tsallake gwaji, matsalar ta Windows ce ko direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa ɓangaren hoto. Rubutun "Out of Range" na nufin an zaɓi girman hoton da monitar ba ta iya ɗauka. A Windows XP da 7 ana danna F8 yayin tashi a shiga Safe Mode a gyara. Microsoft ta daina tallafa wa XP a Afrilun 2014, Windows 7 kuma a Janairun 2020, don haka samun direba mai tsabta ga tsohon kati sai an yi hattara.

Gyara da zubarwa a Legas

Kayan gyara ana samunsu a Computer Village da ke Ikeja, wajen titin Otigba, da kasuwar Alaba International da ke Ojo. Amfanin waɗannan wurare shi ne akwai ram, fawa-fak da monita na gwaji a kusa. Idan mai gyara ya ce bod ya ƙone tun bai gwada komai ba, mai kaya na da haƙƙin cewa: "Malam, don Allah a sa wani ram da wani fawa-fak a gabana tukuna." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

In ta tabbata bod ɗin ne, kuma kuɗinsa ya kusa na wata tokunbo, a cire hadis ɗin, wato faifan ajiyar bayanai, a adana, domin ɗaukewar hoto ba ta taɓa fayilolin da ke cikinsa. Ragowar takan faɗa hannun 'yan gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne da ke zagaya unguwanni da kura ko aiki a jujin Olusosun da ke Ojota. Gilashin monita mai ƙusumbi na ɗauke da dalma, hayaƙin wayar da ake ƙonawa don a ciro tagulla kuma guba ne ga huhun mai ƙonawar da maƙwabtansa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan shigo da tsofaffin kayan lantarki da zubar da su, ƙarƙashin ƙa'idojin da aka fara fitarwa a 2011.